Littattafan hannu na Yamai da na Jamus: kada zayyana ta zame masu ajali

A cikin Cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Yamai, wadda ƴan boko suka fi sani da sunan IRSH, akwai wani sashe da ake ce ma MARA, watau sashen littattafan hannu na Larabci da na ajami. Littattafai sama da 4000 ke ajiye a can: fiƙihu da tauhidi, nahawu da lugga, tarihin garuruwa da jerin sunayen sarakuna, ilimin taurari da na magunguna, waƙoƙin wa'azi cikin Hausa da Fillanci da Zabarmanci, da wasiƙun da malamai da sarakai suka aika wa juna. Cikin ma'aikatan da ke kai da kawowa tsakanin biro da gida safe da yamma, nawa ne suka san da zaman wannan taska? Cikin ƴan kasuwar da suka gaji adakar littattafai daga kakanninsu, nawa ne suka taɓa buɗe ta tun ranar rabon gado?

Marigayi Bubu Hama ne ya aza harsashin wannan tari. Ɗan Foneko ne ta ƙasar Tera, malamin lakwal tun zamanin Turawa, wanda ya shugabanci Majalisar dokoki daga 1958 har juyin mulkin 1974. Ya yi ta neman littattafai wurin malamai da gidajen sarauta, cikin ƙasa da maƙwabta. Wani ya ba da na asali, wani ya yarda a kwafa kawai. A Majalisa tarin ya fara zama, kana aka mayar da shi cibiyar bincike cikin shekarun 1970. Bubu Hama ya rasu a 1982, bai ga fihirisar da gidauniyar Al-Furƙan ta Landan ta fara bugawa a 2004 ba, wadda ta kai mujalladi 8. To amma abin da ya shiga MARA ɗan kaɗan ne in an gwada shi da abin da ya rage cikin zauruka da ɗakunan Agadas da Tawa da Damagaram da Maraɗi da Sayi. Waɗannan na cikin gidaje su ne abin damuwarmu, kuma mafi kyawonsu su ne suka fi zama cikin hatsari.

Wanda ya taɓa riƙe Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasashenmu ya san abin da ke fara kama ido. Baƙaƙen suna da kauri, da tawada baƙa mai ɗan ja. Wasulla da jar tawada ne. Hamza ɗigo ne mai launin ɗorawa, alifin sadarwa kuma yana ɗauke da ɗigon tsanwa. A ƙarshen kowace aya akwai ƴan da'irori uku a haɗe. Aya ta biyar tana da kumsa, ta goma tana da kuri. A gefen shafi, duk inda sumuni ko rubu'i ko nusufi ya cika, duk inda ɗaya daga cikin izu 60 ya fara, duk inda sujada ta faɗo, akwai tambari zagayayye, kuma gwanin marubuci yakan yi ƙoƙari kada biyu su yi kama da juna. Sa'an nan ga babbar zayyana mai cin rabin shafi ko shafi guda: a farko, tsakanin Fatiha da Baƙara, da kuma inda aka raba Littafin kashi huɗu, watau farkon A'arafi da Maryama da Sadi. Murabba'i cikin murabba'i, saƙa mai kama da ta tabarma, igiya mai shiga ta fita ba a ga bakinta ba. Wanda ya san aikin dukawa a kan fata, ko aska takwas a gaban riga, ko zanen magina a fuskar soron Birnin Damagaram, zai gane hannu ɗaya ne da ido ɗaya.

Wannan ado yana da aiki. Almajiri mai tilawa da shi yake gane inda ya tsaya, alaramma da shi yake auna karatun yini. Kayan aikin kuwa na gida ne, in ban da takarda. Alƙalami na gamba ne ko na kara; tawadar da ba ta wankuwa da bagaruwa da kashin maƙera da ƙaro ake dafa ta; jar kuwa daga jar ƙasa. Takardar ita ce ta yi doguwar tafiya. Mai karatu, in kana da tsohon littafi a gida, ɗaga warƙa ɗaya ka duba ta ga hasken rana: sau da yawa za ka ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar. Alamar masana'antun ƙasar Italiya ce, na kewayen birnin Benis, waɗanda ayari ya riƙa ɗauko hajarsu daga Tarabulus da Alƙahira ya ƙetaro Sahara da ita. Kakannin fatakenmu ne suka kawo ta a bayan raƙumi. Hajar kuma takan koma arewa da daraja ninki: Turawan Ingila da suka ziyarci Barno cikin shekarun 1820 sun rubuta cewa Alƙur'anan marubutan Barno har Masar da ƙasashen Magariba ake kai su a sayar.

Don a gane irin hatsarin da ke bin littafi mai ado, yana da kyau mu leƙa wata ƙasa mai nisa da wani addini dabam, inda abin ya riga ya faru.

A ƙasar Jamus, daga wajen 1300 zuwa farkon shekarun 1500, majami'u da gidajen zuhudu na Kirista suna da wasu manyan littattafai na waƙoƙin ibada. Girmansu yana da dalili. Littafi guda ake ɗorawa a kan wani dogon teburi mai gangare a tsakiyar majami'a, masu waƙa su kewaye shi a tsaye, kowa ya karanta daga nesa. Don haka baƙaƙen manya ne, alamomin murya kuma an jera su a kan layuka huɗu don kowa ya san inda za a hau da inda za a sauka. A kan fatar maraƙi da aka kankare aka busar ake rubuta su, kuma a mafi girmansu fata guda warƙa biyu kawai take bayarwa. Ɗan kasuwa zai iya lissafi da kansa: littafi guda yakan cinye garke. Ga zinariya da ake bugawa ta yi siriri a manna, ga shuɗi mai tsada da ake niƙawa daga dutse.

Shahararre daga cikinsu shi ne wanda aka yi wa majami'ar Lorans ta birnin Nurembag, mujalladi biyu, aka gama shi a 1510, tsawon shafinsa ya zarce santimeta 60. Sunan da ya bi shi, Littafin dinyoyi, daga wani ɗan zane ne a ƙasan shafi: dinyoyi sun jeru gaban littafi suna rera waƙa, kyarkeci ne ke ba su baki, yanyawa kuma, ƙanen dila malamin daji, ya lallaɓo ta baya. Ashe habaici ga shugaban da ke kiwon abin da yake shirin ci ba a bakin Bahaushe kaɗai yake ba. Bayan yaƙin duniya na biyu majami'ar ta ba da littafin kyauta ga iyalin Kress na Amurka, godiya ga taimakon da suka yi wajen sake gina ta bayan ruwan bama-bamai, kuma yau yana ɗakin karatu na Morgan a Niyok. Wani kuma, da ya girme shi da shekara 200, wata mace ce ta yi shi, Gisela ta Kersenburok, ƴar zuhudu a gidan Rule kusa da Osnaburuk, wadda ta rasu a 1300. Manyan baƙaƙe 53 ta ƙawata da hotuna, har ta zana kanta cikin ƴan'uwanta masu waƙa, da sunanta a rubuce.

A cikin irin waɗannan manyan baƙaƙe na farkon waƙa ne waliyyan Kirista suke zaune. Kowace rana ta shekara tana da waliyyinta da waƙarsa, kuma kowane waliyyi yana da alamar da ake shaida shi da ita, yawanci abin da aka azabtar da shi da shi ko abin da aka damƙa masa. Lorans yana riƙe da ragar ƙarfe ta gashi, domin an ce a kanta aka kashe shi. Katarina tana tsaye gefen gargare mai ƙusoshi. Barbara da hasumiyar da aka kulle ta. Bitrus da mabuɗai. Mai waƙa ya buɗe littafi ya ga raga, ya san ranar Lorans ce tun bai karanta kalma ba. Hoton nan, in an duba da kyau, aikin tambarin izu yake yi: yana nuna wa mai ibada inda yake.

Malamanmu ba su bi wannan hanya ba, domin sun ƙyamaci zana surar mai rai, balle cikin littafin ibada. Amma kada wani ya ce littattafanmu ba su san waliyyai ba. Da suna suke zaune a ciki. Dubi Dala'ilul Hairati na Shaihu Jazuli, mutumin Maroko da ya rasu wajen 1465, watau zamani ɗaya da marubutan Jamus da muke magana. Littafin salati ne da ake karantawa cikin jam'i, murya ɗaya, a zawiyoyi da masallatai har yau. A kwafe-kwafen ƙasashenmu sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da jar tawada ake fito da shi duk inda ya zo; sunayensa 201 an jera su cikin ado; sa'an nan ga shafi guda da aka zana Rauda ta Madina, da kabarinsa da na Abubakar da na Umar. Marubucin da bai taɓa zuwa Madina ba yakan mayar da kaburburan uku ƴan murabba'ai masu launi cikin saƙa. Babu fuska, babu hannu, amma mai karatu ya san gaban wa yake tsaye. Haka Nana Asma'u, ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta yau a 1754, ta yi waƙar tawassuli da mata masu albarka, ta jero su suna bayan suna. Abin da Gisela ta yi da zinariya, Asma'u ta yi shi da ƙafiya.

Akwai wani bambanci kuma da ya kamata a lura da shi. Littafin Jamus ƙato ne saboda masu waƙa da ido suke bi. Namu ƙarami ne, Dala'ilu ma takan shiga tafin hannu a rataya ta a wuya, saboda masu Ishiriniya a daren Mauludi da ka suke rerawa, takarda tuni ce kawai. Gwani ma ba ya cika gwani sai ya rubuta Alƙur'ani da ka.

To me ya sami littattafan Jamus? A 1802 da 1803, zamanin Napoliyon, hukumomi suka rufe gidajen zuhudu ɗaruruwa suka ƙwace dukiyarsu. Littattafan waƙa suka zama kaya marasa mai su: sun yi nauyi, an daina waƙa da su, ga injin ɗab'i ya daɗe da cika majami'u da na bugawa. Wasu aka sayar wa masu ɗinkin littattafai da masu dafa manne a kan kuɗin fata. Masu kuɗi masu sha'awar zane kuwa suka gano cewa hoton waliyyi shi kaɗai ya fi shiga kasuwa. Sai aka sa almakashi. A yanke baƙin da ke ɗauke da Katarina, a manna shi a takarda, a sa a gilashi, a jefar da sauran shafin. A 1825 aka yi wani babban gwanjo a Landan na irin waɗannan yankakkun hotuna da aka kwaso daga Italiya, kasuwar ta buɗe ke nan. Littattafan matan gidan zuhudu na Kilara a birnin Kolon, inda wata mai suna Lopa ta yi rubutu da zane wajen 1350, yau wasunsu warƙoƙi ne a warwatse, kaɗan a gidan kayan tarihi na Kolon, wasu a wasu ƙasashe. A ƙarni na 20 ma wani malami Ba'amurke, Oto Ege, ya farke littattafai masu yawa ya sayar warƙa-warƙa, yana cewa ilimi yake yaɗawa. Yau masana suna ɓata shekaru suna farautar warƙoƙin nan da kwamfuta don su haɗa hotunansu, ko a gane yadda littafin yake tun asali.

Abin da aka yanke ɗin yana da kyau har yanzu, babu musu. Sai dai ba ya iya faɗin majami'ar da ya fito, ko ranar da ake waƙarsa, ko hannun da ya zana shi.

Mu kuwa ko almakashi ba a bukata. Littattafanmu ba a ɗinke suke ba. Warƙoƙi ne sake-sake, a jera su tsakanin bango biyu, a naɗe da tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a zura cikin gafaka. Hikima ce a wurinta: malami yana iya raba wa almajirai goma warƙoƙi su kwafa lokaci guda. Babu lambar shafi. Abin da ke riƙe jeri shi ne kalma guda da marubuci ke sawa a ƙasan bayan warƙa, wadda ita ce farkon warƙa mai zuwa. Alƙur'ani guda yakan kai warƙa 400 ko fiye, masu babbar zayyana a ciki ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Wanda ya zare su, ya mayar da igiya ya ɗaure, mai littafi zai iya shekara goma bai sani ba. Duk mai bin labarin gidajen gwanjo na Landan da Pari ya san Alƙur'anai da Dala'ilu na Afirka ta Yamma suna fitowa a can, ya kuma san dillalan kayan tarihi suna sayar da warƙoƙi ɗai-ɗai, yanzu har ta intanet. Daga gidan wani suka fito.

Ba baƙo kaɗai ke farke littafi ba. Rabon gado ma yana yi. Malami ya rasu ya bar ƴaƴa shida da Alƙur'ani guda na kakansa, kowa yana son albarka, sai a raba izu goma-goma. Shekara 20 bayan nan ɗaya yana Kwatanu, ɗaya yana Kano, rabon ɗaya gara ta ci, na ɗaya ruwan damina ya jiƙa. Ambaliyar 2020 a unguwannin bakin kogi na Yamai ba ta tambayi abin da ke cikin adaka ba. Ga zafin kwano da ke busar da takarda ta riƙa karyewa, ga tawadar tsanwa da ke cin takarda a hankali har ɗigo ya zama rami. Mun ji zafin abin da ya faru a Tumbutu cikin Janairu 2013, da ƴan bindiga suka ƙona littattafai wajen 4000 a cibiyar Ahmad Baba, kuma ya cancanci a ji. Amma wannan adadin, kusan dukan abin da ke MARA ke nan, gidajenmu suna iya rasa shi shiru, ba hayaƙi, ba rediyo.

Wani zai ce Turawa sun riga sun kwashe mafi yawa. Sun kwasa, gaskiya ne. A 1890 Arshinar ya ci Segu ya ɗebe ɗakin karatun Amadu ɗan Alhaji Umaru, kuma yana babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa har yau. Ganima ce, kuma neman a maido ta halal ne. Sai dai littattafan nan a cike suke: an san su, an jera su, ana karanta su, ana iya nuna su da yatsa a ce namu ne. Warƙar da ɗan gida ya zare ya sayar jaka goma, wace gwamnati za ta nemo ta, da wace shaida? A tuna kuma da Bajamushen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, da ya sauka Agadas a 1850 ya ƙetare kogi a Sayi a 1853. A Gwandu aka ara masa Tarihus Sudan, ya kwana da yini yana kwafar abin da ya iya, ya mayar wa masu shi. Ta wannan aron ne Turai ta fara sanin tarihin daular Sangai da gaske, saboda wani gida ya riƙe littafinsa a haɗe.

Doka tana nan: ta 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan tarihi da al'adun ƙasa. Amma ma'aikacin duwan da ba a taɓa nuna masa bambancin rubutun jiya da na shekara 150 ba, me zai tsare? Bai kamata kuma a kashe kasuwar masu zayyana na yau ba. Allon sauka da sabon rubutun alaramma haja ce halal, a saya, a fitar, a ƙara kuɗi ma. In baƙo yana son zayyana ya rataya a bango, ga masu hannu nan da rai a Damagaram da Kano suna neman ciniki. Tsohon littafi ne ba haja ba. Ma'aikatan da ke rubuta kasafin kuɗi su san cewa ɗakin ajiya mai sanyi, da akwatunan kwali, da kyamara, da albashin masu karanta tsohon rubutu ba su kai kuɗin motar sarwisi ƴan kaɗan ba. Kuma hanyar Bubu Hama ba ta tsufa ba: a je gidan mai littafi, a ɗauki hoto, a bar masa abinsa, domin mutane da yawa suna ɓoye littattafai ne don tsoron hukuma ta karɓe.

Ga wanda adakar take ɗakinsa, aikin ba mai tsada ba ne. A ɗaga ta daga ƙasa, a nisanta ta da bango da ɗigar rufi. A buɗe ta lokacin sanyi a kaɗe ƙura da tsumma busasshe. Kada a manna yagaggiyar warƙa da sikoci, kada a rufe ta da roba mai zafi irin ta katin shaida, domin duka biyu kashe takarda suke. A sa lamba da fensir a kusurwa kafin jeri ya rikice. In rabon gado ya zo, a yi wa littafi ƙima, ɗaya ya riƙe ya biya saura, ko a mayar da shi waƙafi na dangi. Shari'a ta san duka hanyoyin biyu.

A duba warƙar ƙarshe musamman. A nan ne marubuci yakan rubuta cewa littafi ya cika da godiyar Allah, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da na malaminsa da na wanda ya sa shi aikin, wani lokaci da gari da rana, ya roƙi mai karatu ya yi masa addu'a shi da iyayensa. Ta irin wannan rubutu ne aka san cewa ɗaya daga cikin tsofaffin Alƙur'anan Barno, masu fassarar tsohon Barbarci tsakanin layuka, yana ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669. Warƙar nan ita ce ke goguwa da bango, ita ke fara yagewa, kuma da yake yawanci ba ta da launi, dillali ba ya taya ta.